Yadda za ka zaɓi mitar keke mai GPS mai araha, ka kuma more ta a titunan Kano

Duk ranar Asabar da muka fito da kekuna bayan asuba sai wani ya tsayar da ni ya nuna ɗan abin da ke maƙale a kan kekena ya ce wannan kuma mene ne, agogo ne? To mita ce, wasu suna ce mata kwamfutar keke. Tana nuna maka gudun da kake yi, kilomita nawa ka ci, awa nawa ka yi a kan sirdi, kuma tana ajiye zanen duk hanyar da ka bi, in ka dawo gida ka gani a waya. Da can da waya nake wannan lissafin, na ɗaure ta a kan keke, amma rana tana dukanta ta yi zafi har sikirin ya dushe, caji ya zube kafin in kai Wudil, ga kuma zancen ƙwacen waya da kowa ya sani a garin nan, babu mai hankalin da zai so ya baje wayarsa a fili yana tafiya a hankali a gefen titi. Tun da na sayi mita wayata ta koma aljihu, hankalina ya kwanta.

Abu na farko, mita mai GPS ba ta buƙatar layi, ba ta cin data ko kaɗan. Saƙo take karɓa kai tsaye daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi sama da kilomita 20,000 a samaniya, kuma sai ta kama aƙalla guda 4 kafin ta gane inda kake. GPS na Amurka ne, Rasha tana da nata GLONASS, Turai Galileo, China kuma BeiDou. In ka ga an rubuta biyu ko uku daga cikin waɗannan a jikin kwali to alama ce mai kyau, don yawan taurarin da take ji shi ne saurin kamawarta, musamman inda gine-gine suka rufe sama.

A kula dan Allah, akwai wata ƙaramar mita ta da, mai siririyar waya da maganaɗisu da ake ɗaurawa a taya. Ita ma tana nuna gudu da nisa, tana da amfaninta, amma ba ta da GPS kuma ba ta zana hanya. Ni ma ita na fara saya bisa rashin sani, mai shagon ya ce min ai duk ɗaya ne, sai da na je gida na karanta takardar ciki na gane. Abin ya dame ni sosai don kuɗin tarawa na yi. Saboda haka kafin ka biya ka ce a kunna, ka fita da ita waje inda kake ganin sama, ka jira alamar tauraro ta daina ƙiftawa. In mai kaya ya ƙi yarda a gwada, ka bar masa kayansa.

Manyan sunaye a harkar su ne Garmin da Wahoo, kayansu na da kyau amma kuɗin wasu ya fi kuɗin keken da yawancinmu muke hawa. Masu araha da za ka yi ta cin karo da su akwai iGPSPORT, XOSS, Coospo, Cycplus da Magene, duk 'yan China ne, sai Bryton na Taiwan da ya ɗan fi su tsada. Ƙananansu da yawa ba sa kai dala 60, a naira kuma sai yadda canji ya kama ranar. Yawanci oda ake yi ta intanet ko a ba wani mai zuwa saro kaya saƙo, don haka ka tambayi 'yan uwa mahaya wacce suke amfani da ita, ka riƙe ta a hannu ka latsa ka gani kafin ka tura kuɗi.

Ni a ganina sikirin baƙi da fari ya fi dacewa da mu. A ranar Kano ta watan Afrilu yana fitowa tar, kuma ba ya shan batir. Yawancinsu suna rubuta awa 20 zuwa sama a caji ɗaya, ko da ba ta cika abin da aka rubuta ba za ta kai ka mako guda, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta sai ta ga dama. Ka duba bakin cajin, in irin na wayarka ne ka huta da yawo da kebul biyu. Ka duba kuma tana da Bluetooth da ANT+, ta nan ne take haɗuwa da waya da kuma sauran 'yan na'urorin da wataƙila za ka ƙara nan gaba. Sannan tun kafin ka saya ka nemi manhajar kamfanin a Play Store ka sauke, ka tabbatar tana buɗewa a wayarka, don mita ba manhaja rabin amfaninta ya tafi.

Zancen ruwa da ƙura ina so in ɗan tsaya a kai. Za ka ga an rubuta IPX7 ko IPX6 ko IP67. Lamba ta ƙarshe ta ruwa ce, 7 na nufin za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, wato ruwan Agusta ba zai yi mata komai ba. Gurbin farko kuma na ƙura ne, in ka ga X ma'anarsa ba a ba ta maki a kan ƙura ba, in ka ga 6 to ƙura ba ta shiga. Mu nan ƙura ta fi ruwa damunmu, daga Disamba zuwa Fabrairu in ka dawo daga hanyar Gwarzo har gashin idonka fari yake yi. Abin da nake yi shi ne ina da tsohon buroshin haƙori a ajiye, in na dawo sai in cire mitar in goge ta da tsumma mai ɗan laima, in bi gefen maɓallan da buroshin, in buɗe 'yar robar da ke rufe bakin caji in kaɗe a hankali, sannan in mayar in danne ta sosai. Wannan 'yar robar ka kula da ita kamar ido, in ta tsinke ta nan komai zai shiga. Wasu mitocin suna da wani ɗan ƙaramin rami a baya na auna tudu da gangare, kar ka soka masa allura, buroshi ya isa. Ko ma mitarka ba ta da shi kar ka damu, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in ka cire Dala da Gwauron Dutse ina tudun yake.

Taswira fa? Masu arahar nan galibi babu taswira a ciki, wasu dai suna nuna ɗan layi da kake bi in ka tura musu hanya daga waya. Ga wanda ya san Zariya Road da Haɗeja Road da bayfas kamar tafin hannunsa, ban ga dalilin ƙara kuɗi saboda wannan ba.

To ta iso hannunka. Ka cika ta da caji, ka haɗa ta da manhaja, sai ka gyara lokaci. Wasu suna zuwa da agogon China wanda ke gaba da namu da awa 7, sai ka fita ƙarfe 6 na safe ta rubuta 1 na rana. A wajen saita lokaci ka zaɓi +1, shi ne na Najeriya. Ka sa ma'auni a kilomita, ka sa nauyinka, sannan ka kunna tsarin da ke sa ta dakata da kanta in ka tsaya, in ba haka ba duk mintunan da ka ɓata a danja ko a cunkoson adaidaita sahu za su shiga lissafi su ja matsakaicin gudunka ƙasa. Fuskar farko kar ka cika ta da lambobi, gudu, nisa da lokaci sun wadatar, ido ɗaya za ka yi mata ka mayar kan titi, don mai adaidaita yana iya cin birki a gabanka ba sigina.

Wajen ɗaurawa, akwai mazaunin da ake kamawa da zoben roba, akwai mai noti da ke miƙowa gaba. Mai notin yawanci an yi shi ne don ƙarfe mai kaurin milimita 31.8, kekunan gwanjo da yawa kuma nasu siriri ne, 25.4, sai ya riƙa juyawa. Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ne ya warware min, na ce Baba abin nan ya ƙi zama, ya ce kawo nan ɗana, ya yanko tsohon tub ya naɗa zagaye biyu ya ɗaure a kai, har yau bai motsa ba. Mitar kanta murɗawa ake yi kwata ta shige, ka tabbatar ka ji ta ce ƙas. In tana da igiya ka zarga a kan keken saboda ramuka. In za ka shiga masallaci ko shago kuma ka murɗe abarka ka sa a aljihu, kar ka bar ta a rana ma, zafi yana kashe batir da wuri.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne kunnawa a soro a hau a tafi. Ka fito fili, ka kunna, ka tsaya cak. Ranar farko tana iya ɗaukar 'yan mintuna, bayan nan ƙasa da haka. Ni lokacin nake duba iskar taya da birki. In ka tafi ba ta kama ba, kilomitocin farko sun tafi a banza. Sai ka danna farawa, in ka dawo ka danna tsayawa ka kuma adana, wasu sai ka danne maɓallin na ɗan lokaci. A lungunan cikin gari ko ƙarƙashin gada za ka ga gudun ya yi tsalle ko zanen ya ratsa ta cikin gidan mutane, ba lalacewa ta yi ba, sama ce ta rufe mata.

In wannan tsallen yana damunka sai ka ƙara ɗan sensan gudu, wato 'yar na'urar auna gudu da ake ɗaurawa a cibiyar taya, yana aiki da batir irin na agogo, CR2032. Zai nemi zagayen tayarka, misali tayar da aka rubuta 700x25 a jikinta zagayenta milimita 2105 ne, amma gara ka auna da kanka. Ka sa bakin iska a ƙasa daidai, ka ja layi da alli a siminti, ka hau ka gangara har bakin iskan ya sake dawowa ƙasa, ka ja wani layin, ka auna tsakani da tef ɗin tela. Akwai kuma sensan juyin feda, yawancin mahaya suna neman juyi 80 zuwa 90 a minti, ni shi ya koya min sauke giya maimakon in yi ta danna mai nauyi ina cutar da gwiwa. Amma duk wannan ka bari sai ka yi wata biyu kana hawa tukuna.

Saura Strava, wata manhaja ce ta intanet inda mahaya da yawa suke tara tafiyoyinsu. A cikin manhajar mitar za ka haɗa su sau ɗaya, daga nan duk tafiyar da ka tura za ta wuce can da kanta, na kyauta ma ya isa. Amma ina roƙonka ka shiga wajen saita sirri na Strava kafin ka ɗora ko ɗaya. A 2018 taswirar da Strava ta fitar ta tona inda wasu sansanonin soja suke, saboda sojojin suna motsa jiki da irin waɗannan na'urori, to ina ga gidanka. Duk wanda ya ga zanenka ya san ƙofar da kake fitowa, ƙarfe nawa kake fita, da irin keken da kake da shi. Ka ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, ka sa mabiyanka kaɗai su gani, kar kuma ka karɓi wanda ba ka sani ba. Ni ban ma danna farawa sai na fito bakin babban titi, in na dawo kuma a daidai wajen mai shayin nan nake adanawa, in murɗe ta in sa a aljihu, in ƙarasa layinmu a hankali.