Farcen hawainiya: kurakuran da masu kiwonta suka fi yi

Wani yaro a layinmu nan Agege ya samo hawainiya, bayan kwana uku sai ga shi da ita a kwali wai yana neman mai yankan farce ya ɗan rage mata, don ta kakkarce masa hannu. Na ce masa kai ɗan'uwa hawainiyarka ta kiyayi almakashin nan, ba ramar kowa ba. Dariya aka yi amma fa maganar ba ta wasa ba ce, wannan shi ne kuskure na farko kuma shi aka fi yi.

Ba a yanke wa hawainiya farce. Ka duba ƙafarta da kyau, yatsu 5 ne a kowace ƙafa amma a haɗe suke gida biyu kamar awartaki, ƙafar gaba 3 ta ciki 2 ta waje, ta baya kuma akasin haka, kowane yatsa da ɗan farcensa mai tsini. Da su take cafke reshe, a haka take bacci ma a maƙale. Idan ka datse tsinin ka raba ta da abin riƙo kenan, sai ka ga tana zamewa tana faɗowa, ga shi akwai jijiyar jini a cikin farcen, kana ɗan wuce gona da iri jini zai ɓalle. In karcewar ce ta dame ka, sa riga mai dogon hannu ko ka rage ɗaukarta, dama ita ba mage ba ce, ba ta son yawan taɓi.

Sai keji, nan ne ɓarnar ta fi yawa wallahi. Mu nan Legas da an ce keji sai a kira kafinta ya buga katako ya zagaye da net ɗin taga na sauro, to ramukansa ƙanana ne sosai, tana hawa farcen zai shige ya maƙale, garin ta fizgo sai ya karye ko ya cire gaba ɗaya, kuma in ya cire daga tushe yawanci ba ya sake fitowa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba don sha'awa take bin wayar ba, ko dai ba rassa isassu, ko ba ganyen ɓuya, ko kejin ya yi mata kaɗan, ko tana hango wata hawainiyar tana neman hanyar gudu, don su ba sa zaman tare, kowace da kejinta. Ka cika ciki da rassan itace na gaske, wani siriri wani mai ɗan kauri yadda ƙafarta za ta kusa zagaye shi, a gicciye da a tsaye, da shuka mai rai. Ɓawon itacen shi ke goge farcen daidai misali ba sai ka sa hannu ba. Paip ɗin roba da sandar mofa santsi gare su, kar ka sa. Wasu kuma sai su naɗe sandar da sanfefa wai ta riƙa cin farcen, tafin ƙafar zai ci ya bar mata gyambo.

Ɗaukarta ma da yadda ake yi. Kar ka fizge ta daga reshe, don ta gwammace ta bar maka farcen a kan ta saki reshen. Sa hannunka a gabanta ta ƙarƙashin haɓa ka jira ta tako da kanta, eh tana da nawa, ai hawainiya ce.

Akwai kuma saɓa. Lokacin hunturu wajen Disamba zuwa Janairu, ko ɗakin da AC ke aiki kullum in NEPA ta yi kirki, iska na bushewa, tsohuwar fata sai ta ƙi fita a yatsu ta ɗaure kamar zobe ta tsayar da jini har yatsan ya mutu. Fesa ruwa a ganye safe da yamma, daga nan ma take sha don ba ta cika shan ruwan kwano ba, in fatar ta yi laushi ka shafa da jiƙaƙƙiyar auduga a hankali, banda ɓamɓara da ƙarfi.

In ka ga riƙonta ya yi rauni alhali faratan lafiya lau, to mai yiwuwa matsalar ƙashi ce, ƙarancin kalsiyam da rashin hasken rana. Ajiye ta bayan gilashin taga ba ya yi, gilashi yana tare hasken UVB, wato ɓangaren hasken ranar da ƙashinta ke buƙata. Fitar da kejin hantsi da wajen inuwa a gefe, kuma ka barbaɗa garin kalsiyam a kan gyare ko fara kafin ka ba ta. Kyankyason gida da ya sha fiya-fiya kuwa kar ka soma.

In farcen ya riga ya cire, danne wurin da auduga mai tsafta har jinin ya tsaya, ka shafa aidin da aka sirka da ruwa, banda Dettol banda man zafi. Yatsan ya kumbura ko ya yi baƙi ko ta daina taka ƙafar, sai likitan dabbobi, kuma ka tambaya tun a waya ko yana duba irin su ƙadangare, don da yawansu karnuka da kaji suka fi sabawa da su.