Darasi na Tara: Yadda Ake Saukar da Linux Baƙo a Cikin Windows

A ajinmu na yamma a Nima, cikin Accra, akwai wani dattijo mai buga katin aure da na suna. A unguwar Circle ya sayi laftof ɗinsa, wadda wani ya taɓa amfani da ita. Ɗan ƙanensa ya saka masa Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, a gefen Windows, aiki ya rabu gida biyu: zane a can, lissafin kuɗi a nan. Kullum sai ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, mai kati yana tsaye a bakin shago yana duba agogo. Wata rana ya ce da ni, "Malam, su biyun nan ba sa zama tare ne?" Na ce, "Suna zama, Baba, amma da sharaɗi."

Mu fara da abin da ke cikin kwamfutar. Faifan ajiya kamar gida ne da aka yanka ɗakuna. Windows na da ɗakinta, Linux na da nata. In ka kunna, wani baƙin allo mai suna GRUB yana fitowa ya jira 'yan daƙiƙu ka zaɓi inda za ka shiga. Shi ne zauren gidan. Ɗaki ɗaya kake shiga, ɗayan yana kulle.

Akwai manhajar da ke ƙera kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfutarka. Wadda muke koyo da ita VirtualBox ce, ta kamfanin Oracle, kuma kyauta ake sauke ta. Masu wannan sana'a suna kiran babbar kwamfutar mai masauki, ta cikin kuma baƙo. Ɗan zango ba sai an yi masa dogon bayani ba: kakanninmu fatake da suka zo sayen goro a hannun maigida suke sauka, shi ke ba su ɗaki da ruwa. Haka Windows za ta yanka wa Linux wani kaso na RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, da na ƙarfin injin. In RAM ɗinka gigabait 8 ne, ba baƙo 3 ko 4. In 4 ne kacal, shawarata ka haƙura, duka biyun za su yi ta jan ƙafa.

Yawanci sabon faifai na bogi ake yi wa baƙo. Mu ba haka muke so ba, domin Linux ɗin Baba na nan da hotunansa da haruffansa na zane. Abin da ake yi shi ne a ƙirƙiri wani ɗan ƙaramin fayil mai wutsiyar vmdk. Ba kaya a cikinsa, nuni kawai yake yi: ga ɗakin nan, shiga. Da umarnin VBoxManage ake yin sa, kuma dole a buɗe manhajar da izinin mai kula da kwamfuta. Lafazin umarnin ya sauya a VirtualBox 7.0 da ya fito a 2022, don haka ka duba lambar naka kafin ka kwafi abin da wani ya rubuta maka a takarda. A umarnin za ka ambaci faifan, Windows kuma tana kiran faifan farko PhysicalDrive0, daga sifili take ƙirga.

Abu biyu kan hana baƙo tashi. Na ɗaya, a wasu kwamfutoci VT-x ko AMD-V, saitin da ke ba injin damar ɗaukar baƙo, a kashe yake, sai an shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, an kunna. Na biyu, in da tsarin UEFI, sabon salon tayar da kwamfuta, aka saka Linux ɗinka, dole ka kunna EFI a saitin baƙon, in ba haka ba baƙin allo za ka yi ta kallo.

Yanzu ga sharaɗin, a karanta shi sau biyu da ƙarfi. Kada mai masauki da baƙo su taɓa ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya. Kowannensu yana riƙe da nasa lissafin inda kowane fayil yake, kuma bai san ɗayan yana rubutu ba. Ka ɗauka mutum biyu suna rubuta bashi a littafi ɗaya, a shafi ɗaya, ba wanda ke ganin hannun ɗan'uwansa. Da yamma ba mai iya karanta shafin. Saboda haka kada ka miƙa wa baƙo faifan gaba ɗaya; ware masa yankin Linux da ɗan yankin da ake tayar da kwamfuta daga gare shi. Na taɓa ganin wani yaro mai gaggawa ya ba da faifan duka, GRUB ya fito a cikin tagar, yatsansa ya zame ya zaɓi Windows, alhali Windows ɗin ce ke gudana a waje. Kwana biyu muka yi muna tsintar fayiloli, wasu har yau ba su dawo ba. Haka kuma in Linux ɗinka ya saba buɗe yankin Windows da kansa, a hana shi tukuna. In kana son miƙa hoto daga wannan zuwa wancan, VirtualBox na da jakar haɗin gwiwa da aka yi don haka.

Wani zai ce, me zai hana a juya, Windows ta zama baƙuwar? Ana yi, amma ta fi rigima. Tana ganin kamar an ɗauke ta zuwa sabon inji, sai ta nemi a sake tabbatar da lasisinta. In kuma an kulle faifan da BitLocker, makullin faifai na Windows, za ta tambayi mabuɗi mai lambobi 48, wanda mai laftof ɗin Circle da wuya ya taɓa gani.

Kafin ka taɓa komai, kwashe muhimman fayilolinka zuwa filash ko wani faifai na waje. Ka cika batir kuma, domin in dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya faɗo ana tsakiyar rubutu, batir ya mutu, gida biyu za a yi wa ɓarna lokaci guda.

Aikin gida: a Windows danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc. Kallo kawai, kada ka goge ko ka gyara komai. Zana yankunan da ka gani a littafinka, ka rubuta girman kowanne. Yankin da ba shi da harafi irin C, mai yiwuwa shi ne na Linux. Ka zo da zanen ranar Laraba mu duba tare.