Yadda Ake Gano Dalilin Yawan Ɗaukewar Wi-Fi a Gida

Intanet ɗin da ya mutu ɗungurungum ya fi sauƙin gyara a kan wanda yake zuwa yana ɗaukewa, domin shi na biyun, da zarar ka zauna za ka bincike shi sai ka tarar yana aiki lafiya lau. Saboda haka, kafin ka sayi sabuwar na'ura ko ka kira kamfani, ka fara tantance inda matsalar take: ko a waya ko kwamfutar da kake amfani da ita, ko a tsakaninta da rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, ko kuwa a layin da ke shigowa daga kamfanin intanet.

Da farko, duk lokacin da sabis ya ɗauke, ka duba sauran na'urorin gidan nan take. Idan kwamfuta ɗaya ce take yankewa alhali wayoyi suna aiki, to laifin nata ne. A kwamfutocin tafi-da-gidanka masu Windows, sau da yawa tsarin tattalin batir ne yake kashe katin Wi-Fi. Ka shiga Device Manager, wato shafin Windows da ke jera kayan aikin kwamfutar, ka nemo katin, ka cire alamar da ke ba kwamfutar izinin kashe shi, sannan ka sabunta direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin. Idan waya ce, ka goge sunan Wi-Fi ɗin daga cikinta, ka sake haɗawa da kalmar sirri.

Idan kuwa dukkan na'urorin ne suke yankewa tare, ka zare wutar rauta da ta modam, wato na'urar da layin kamfanin intanet yake shiga, na tsawon daƙiƙa 30, ka fara kunna modam, ka jira fitilunsa su daidaita, sannan ka kunna rauta. Wannan yakan kawar da matsalar na ɗan lokaci, amma ba ya bayyana dalilinta, don haka kada ka tsaya nan.

Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne na ping, wato aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi a ga ko zai amsa. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, sau biyu. A na farko ka rubuta ping -t 192.168.1.1, ko 192.168.0.1, gwargwadon adireshin rautarka, wanda galibi yake rubuce a ƙarƙashinta. A na biyu ka rubuta ping -t 8.8.8.8, wanda adireshi ne na Google. Ka bar su suna gudana har sabis ya ɗauke. Idan duka biyun suka daina samun amsa, matsalar tana cikin gida, tsakanin kwamfutarka da rauta. Idan na farko ya ci gaba da samun amsa amma na biyu ya tsaya, to Wi-Fi ɗinka ƙalau yake, abin da ke bayan rauta ne yake yankewa. Domin ƙarin tabbaci, ka haɗa kwamfutar da rauta ta kebul ɗin Ethernet, ka maimaita gwajin.

In matsalar ta cikin gida ce, ka fara da wurin da aka ajiye rauta. Bangon kankare, ƙofar ƙarfe, madubi da tankin ruwa duk suna rage ƙarfin sigina, kuma rautar da aka cusa bayan talabijin ko cikin kabad ba za ta taɓa yin aiki yadda ya kamata ba. A ɗora ta a sama, a fili, kusa da tsakiyar gida. Sai batun cunkoso, wanda mutane da yawa ba sa kawo shi a rai. Daga cikin zangunan da rauta take watsa sigina a kansu, zangon 2.4 GHz ya fi kaiwa nesa, amma a cikinsa na'urorin Bluetooth, na'urar ɗumama abinci ta maikirowef da rautocin maƙwabta suke aiki. Idan ka lura yankewar tana zuwa ne da yamma, lokacin da kowa ya dawo gida, wannan alama ce babba. Ka shiga saitin rauta ta burauza da adireshin nan nata, ka gwada tasha (channel) ta 1, ta 6 ko ta 11 a zangon 2.4 GHz, domin su ne ba sa hawa kan juna, sannan ka mayar da na'urorin da ke kusa zuwa zangon 5 GHz, wanda ya fi sauri kuma ya fi ƙarancin cunkoso, ko da yake bango yana saurin raunana shi.

Ka taɓa rautar ma ka ji: idan ta yi zafi sosai, ko fitilunta suna mutuwa su sake kamawa da kansu, to mai yiwuwa tana sake kunnuwa ne, kuma sau da yawa adaftar wutar ce ta gaji, ba ita rautar ba. Ka gwada wata adaftar mai ƙarfin wuta iri ɗaya da wanda aka rubuta a jikinta, ka kuma sabunta manhajar rautar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

In kuwa gwajin ya nuna layin waje ne, ka duba ko kebul ya saki ko ya lanƙwashe, sannan ka riƙa rubuta rana da lokacin kowace yankewa da launin fitilun modam, ka gabatar wa kamfanin intanet. Da irin wannan bayani ba za su sallame ka da cewa ka kashe ka kunna ba. Maɓallin mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani kuwa, ka bar shi sai ƙarshe, domin yana goge sunan Wi-Fi, kalmar sirri da bayanan shiga layi, kuma dole ne ka kwafe su a takarda kafin ka danna shi.