Yadda za a haɗa kujerar Rietveld mai ja da shuɗi a Kano

Gerrit Rietveld, kafinta ɗan birnin Utrecht a ƙasar Holan, ya ƙera wannan kujera wajen 1918, sai wajen 1923 aka yi mata fentin da aka san ta da shi. Ba ta da soso, ba ta da sassaƙa. Tebura da kantoci masu miƙaƙƙun layuka da suka cika falukan zamani daga irin wannan tunani suka fito. Wahalarta ɗaya: babu yadin da zai rufe kuskuren kafinta.

Gunduwa 17 ce: sanduna 13 masu kusurwa huɗu, madafar hannu biyu, sai allo biyu, na zama da na jingina. A yanka sandunan da kaurin santimita 3 ta kowane gefe, allunan kuma filawud mai kaurin milimita 12.

In ka je 'Yan Katako a Na'ibawa, nemi madaci ko iroko busasshe. Katakon obeche ya yi laushi, ramukan haɗi za su buɗe. Katakon da aka kawo daga kudu sau da yawa da danshinsa yake zuwa, hunturu na kamawa ya motse, sanda ta lanƙwashe. A jera shi a inuwa, da tsinke tsakanin kowane layi, ya sha iska makonni kafin zarto ya taɓa shi.

Haɗin ne asirin aikin. Ba a fafe sanda a cusa wata a cikinta. Kowace tana jingina da gefen 'yar'uwarta ta wuce ta kaɗan, sai turken katako ya riƙe su daga ciki. Turke mai kaurin milimita 8, tsawon santimita 3, zurfin ramin kowane ɓangare milimita 16, don gam ya sami wurin zama. A yi ma'aunin huda guda ɗaya da guntun katako a yi duk ramukan da shi, domin kaucewar milimita biyu ta isa ta sa ƙafa ɗaya ta daina taɓa ƙasa. Kada a yarda da ƙusa, tana tsaga bakin sanda. A fara haɗawa ba gam, a duba da sikwaya a kan daɓe mai daidai.

Fenti kafin haɗawa ake yi: sanduna baƙi, jingina ja, mazauni shuɗi, bakin kowace sanda rawaya. A liƙa tef inda gam zai hau, don gam ba ya kama fenti.

A falo, kada a cusa ta tsakanin manyan kushin masu ado, za ta ɓace. Gajeriya ce, don haka ta fi kyau kusa da darduma da tumtum, a gaban farin bango, nesa da tagar da rana ke bugawa, saboda jan fenti shi ke fara koɗewa.