Yadda za ka bi sawun falwaya da jiragen farko daga Ikko har gabashin Borno

Gidanmu na Agege ba shi da nisa da filin jirgi. In jirgin Kano na safe ya tashi, har kwanon rufin ɗakina sai ya amsa. Shekara ashirin da uku ina aikin fiton kaya a Ikeja ina jin wannan ƙara, ban taɓa tambayar wa ya fara share hanyar ba, sai da ƙanwar mahaifina ta zo mana jinya daga Zariya. Muna zaune a tsakar gida jirgi ya wuce, ta ɗaga kai ta ce, "Kakanku a kafaɗa ya yi dakon falwaya zuwa Kano, ku ga shi yanzu kafin shayi ya huce kun isa." Na ce, "Gwaggo, wace falwaya?" Ta ce ta wayar tangarahu, ta zamanin Turawa.

Daga wannan magana na shiga bincike, yau shekara tara. Abin da zan faɗa maka a nan shi ne yadda na yi, domin kai ma da kake zaune a Idi-Araba ko Obalande ko Alaba Rago ka iya nemo naku.

Ka fara da tsohon gidanku, kuma yau, kada ka ce sai an je gida da Sallah. Ka sayi goro mai kyau, ka zauna ƙasa kusa da shi, ka nemi izini kafin ka kunna abin ɗaukar murya na wayarka. Kada ka ce masa "Baba, ba ni tarihi," domin zai ce ba shi da ilimi. Ka tambaye shi abu ƙarami: "Baba, yaushe ka fara ganin jirgin sama da idonka? Kana ina? Wa ke sarauta?" Ko kuma, "Inna, in an yi rasuwa a Kurmi a da, yaya labari yake isowa gida?" A nan za ka ji zancen gidan waya, da masinja mai keke, da yadda gaban mutane ke faɗuwa in an ce an bugo waya. Kuɗin tangarahu da ƙidayar kalmomi ake biya, shi ya sa saƙon yake zuwa a guntule, ba gaisuwa ba ban haƙuri. In tsoho ya kauce ya shiga zancen noma ko na aure, ka bar shi. Sunan unguwar da kakana ya zauna a Zungeru a cikin labarin wata kishiya ya fito.

Da ka tashi daga wurin, ka tura muryar zuwa waje biyu. Hirata ta farko da Gwaggo, mai tsawon awa ɗaya da rabi, a waya ɗaya na bar ta, wayar ta faɗa kwata da ruwan sama a Oshodi. Na sake zama da ita, amma a lokacin ciwo ya ci ƙarfinta, rabin abin da ta faɗa da farko bai dawo ba. Har yau abin yana mini ciwo.

Tsofaffinmu ba sa ba da shekara da lamba. Da sarki suke ƙirga, ko da yunwa, ko da yaƙi. Saboda haka ka sami littafin rubutu, ka ja layi a shafin farko, ka kafa wasu shekaru da za su zame maka turaku. Ga waɗanda ni na dogara da su. Wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Turai a 1886. Kafin 1900 an ja waya ta ƙasa daga Ikko zuwa Jebba da Lakwaja, saboda buƙatar soja. Gwamna Lugga ya mai da hedkwatarsa Zungeru a 1902, aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, waya kuma ta bi bayan bindiga zuwa manyan garuruwa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Yunwar da ake kira Ƙaƙalaba ta 1914 ce. Sarkin Kano Usman na biyu ya yi mulki daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. To in tsohuwa ta ce mahaifinta ya ga saukar jirgi zamanin Sarki Usman, ka riƙe maganar da kyau, domin ta dace da abin da ke rubuce.

Jiragen farko sun sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Guda uku ne, na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, masu fiffike biyu sama da ƙasa, kowanne da mutum biyu a ciki. Jagoransu Arthur Coningham ne. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Hartum da Fashir da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu. Babu filin jirgi a Kano a lokacin, a filin wasan dawaki suka sauka. Akwai wani tarko a nan: a watan Afrilu na wannan shekarar Yariman Ingila ya zo Kano aka yi masa hawan daba. Taro biyu manya cikin shekara ɗaya, sau da yawa mai ba da labari yakan cakuɗa su. In ka ji an ce Yarima a jirgin sama ya zo, kada ka yi gardama da babba, ka rubuta yadda ya faɗa, ka yi alama a gefe.

Daga nan sai taswira. Ka nemi ta Afirka babba, ta takarda, irin wadda ake sayarwa a shagunan littattafan makaranta, ka shimfiɗa a tabarma ka kira yara. Ka ja layi da jan biro daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Njamena, Abeche, Janaina, Fashir, Ubayyid, Hartum. Wannan ce hanyar da kamfanin Imperial Airways ya fara bi da wasiƙu a watan Fabrairu na 1936 tsakanin Hartum da Kano, ya kuma ƙara ta zuwa Ikko a watan Oktoba na shekarar. Ranar da na ja wannan layi, wani dattijo maƙwabcina da ya yi aikin Hajji ta ƙasa yana yaro tare da iyayensa ya leƙo ya sa yatsa a kai, ya riƙa kiran garuruwan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya karanta ba. Ya ce, "Malam, ai hanyar alhazai ce wannan." Jikina ya yi sanyi. Abin da jirgi ya ratsa cikin kwanaki, mutanenmu sun daɗe suna takawa a kan jakuna, wasu shekara biyu, wasu bakwai, suna tsayawa suna noman auduga a Sudan don samun guzuri, wasu ma can suka zauna har jikoki. Matuƙan nan suna buƙatar gari mai rijiya da fili da mutane, kuma garuruwan da ke da waɗannan su ne zangunan da matafiya suka riga suka raya. A ganina duk wanda zai ba da labarin hanyar jirgin bai ambaci alhazan ƙafa ba, rabin labari ya bayar.

Da shuɗin biro kuma ka ja layin Yaƙin Hitila. Daga watan Satumba na 1940 ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta teku zuwa Takoradi da ke Gana ta yanzu, a harhaɗa su, su taso zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, su tsallaka zuwa Sudan, su ƙare a Masar. Fiye da jirgi 5,000 suka bi wannan hanya. Tafiyar rukuni suke yi, babban jirgi mai ma'aikacin taswira a gaba, ƙananan na biye, domin tsakanin Chadi da Darfur in ka ɓace babu mai nemo ka da wuri, ga ƙurar hunturu tana rufe ƙasa. Filin Ikeja da nake cin abinci a cikinsa a lokacin wannan yaƙi aka gina shi. Kafin nan a Apapa jiragen 1936 ke sauka.

Yanzu ka ware Asabar biyu ko uku ka taka Ikkon da ƙafarka.

Ta farko Badagiri. Ka yi sammako, hanyar tana da cunkoso. Daga wannan gaɓar Hugh Clapperton, Bature mai yawon binciken ƙasa, ya kama hanya a watan Disamba na 1825, kusan shekara ɗari kafin saukar jiragen Kano, ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa har Kano da Sakkwato. Zuwansa na biyu ke nan wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Na farko ta hamada ya biyo daga Tarabulus, ya iso a 1824. A Sakkwato ya rasu a watan Afrilu na 1827, baransa Richard Lander ya komo da takardunsa ta Badagiri. Amma wanda nake so ka nema a labarin shi ne tafintansu, Bagobiri mai suna Abubakar wanda Turawa ke kira Pasko. An sayar da shi bawa, jirgin ruwan Ingila ya kuɓutar da shi, ya yi aikin jirgi, sannan ya komo ƙasar Hausa yana yi wa baƙi tafinta. Ya sake raka Lander da ƙanensa a 1830 lokacin da suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Ka tsaya a bakin ruwan nan ka gaya wa 'ya'yanka sunansa. Haka in kun kai ga labarin Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ka ambaci Dorugu, yaron da ya tafi da shi Turai, wanda daga bakinsa aka rubuta Hausa mai yawa, ya kuma ƙare rayuwarsa a Kano yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa.

Asabar ta biyu ka shiga harabar ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, ka nemi tsohon gidan da ake kira Jaekel House, inda aka tara hotuna da kayan aikin reluwe na da. Waya da dogo tare suke tafiya, kowace tasha da ma'aikacin da ke ƙwanƙwasa saƙo da ɗigo da ja. Ka tambaya tukuna ko a buɗe yake kafin ka kwaso iyali. In da sauran rana, ka ƙarasa Marina ka ga babban gidan waya da dogon benen NECOM, tsohon ofishin sadarwa da ƙasashen waje. Ba za ka daɗe a can ba, amma yara za su gane cewa daga wannan bakin teku saƙo ke fita zuwa Landan.

Aiki mai nauyi shi ne na gidan adana takardun gwamnati. Akwai a Ibadan cikin jami'a, akwai a Kaduna, akwai a Inugu. Daga Agege jirgin ƙasa zai kai ka Moniya, ka ƙarasa da mota. Takardun sakatariyar Ikko suna Ibadan, na lardunan Arewa kuwa, irin na Kano da Borno da Sakkwato, suna Kaduna, inda kuma Gidan Arewa yake. Ka tafi da katin shaida, da fensir, da 'yar wasiƙa mai bayyana abin da kake nema, ka kuma shirya kwana biyu, don fayil ba ya fitowa da gaggawa. Ka gaida ma'aikatan da girmamawa, su suka san inda komai yake. Ka nemi rahoton shekara na lardi, da fayilolin ma'aikatar gidan waya, da na share filayen saukar jirgi. Kada ka sa ran ganin sunan kakanka. Ni ban ga nawa ba. Lebura da 'yan dako adadi ne kawai a takardun nan: mutum kaza, kwana kaza, kuɗi kaza. Amma in takarda ta nuna an ɗebi mutane daga gundumarku a shekarar da tsohuwa ta kwatanta, ka sami ƙafa biyu da labarin zai tsaya a kai. In jaridu za ka duba, ka tuna Daily Times sai 1926 ta fara fita, saboda haka babu saukar 1925 a cikinta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma a 1939, ita za ta yi maka amfani a kan shekarun yaƙi, kuma da harshenmu.

Wajen rubutawa, ni kala uku nake amfani da su. Baƙi ga abin da na gani a takarda, tare da lambar fayil. Shuɗi ga abin da aka faɗa mini, da sunan mai faɗa da ranar. Ja ga abin da ni na yi hasashe. Kada ka bari son kakanni ya sa ja ya rikiɗe ya zama baƙi. Gwaggo ta ce turakun ƙarfe ne suka ɗauka saboda gara na cinye na itace, mutum biyu a kan guda, kuma kafaɗar kakana ta dama ta yi kanta har ya mutu. Wannan yana nan da shuɗi, kuma a shuɗin zai zauna.

Littafina ya kai shafi 140. Na yi masa kwafi uku: ɗaya a Agege, ɗaya wurin yayana a Zariya, ɗaya na ba 'yata da ke karatu a Akoka. Gwaggo ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta. Ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar zan je Mile 12 wurin wani tsoho ɗan Maiduguri mai sayar da busasshen kifi, wanda aka ce mahaifinsa ya yi gadin gangunan mai a filin jirginsu lokacin yaƙi. Na riga na sayi goro.