Kurakuran da ke cinye muryar mawaƙin opera tun kafin ta nuna

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa da waƙa tare da kiɗa. Babban zauren Metropolitan Opera da ke Niyok yana ɗaukar mutum kusan 3,800. A gaban dandamali akwai rami da makaɗa saba'in ko fiye suke zaune da gogensu da ƙahonninsu da gangunansu. Mawaƙi zai tsaya a bayan duk wannan amo ya rera, ba makirufo, ba lasifika, kuma wanda ya sayi tikiti mafi araha can ƙuryar bene yana da haƙƙin ya ji kowace kalma. Haka sana'ar take tun da ta faro a Italiya wajen shekarar 1600. Murya a nan jari ce, kuma yawancin kurakuran da matasa ke yi iri ɗaya ne: maimakon su ci riba, sai su riƙa cin uwar kuɗi.

Na farko shi ne ɗaukar ƙarfin murya a matsayin ihu. Sabon ɗalibi ya ji ana cewa sai muryarsa ta ratsa makaɗa, sai ya ɗaure maƙogwaro ya tura iska da ƙarfin tsiya. A ɗan ƙaramin ɗaki abin zai yi kamar ya burge, a zaure kuwa ko layi na goma ba zai kai ba, kuma kafin sati biyu muryar ta dishe. Abin da ke kai murya nesa wani ƙyalli ne da horo ke samarwa, amo mai kaifi da masana sauti suka auna a wajen karkarwa 3,000 cikin daƙiƙa, daidai inda kiɗan makaɗa ba shi da kauri sosai. Daga numfashin ciki da buɗewar maƙogwaro yake fitowa. Gyaran yana da ban haushi domin ba ka iya yin sa kai kaɗai: yadda kake jin muryarka a cikin kanka daban yake da yadda take fita. Dole ka sami malami mai kunne, ka kuma riƙa naɗar kowane darasi a waya kana saurara, ko da za ka ji kunyar abin da ka ji. In bayan darasi maƙogwaronka na zafi, kuma hakan ya maimaitu, sake malami, komai sunansa.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne karɓar rawar da ta fi ƙarfin murya, wato matsayin da mawaƙi zai fito a kai a cikin wasa. Jamusawa suna da tsari da suke kira Fach, wanda ya rarraba muryoyi gida-gida: mai sauƙi da sauri, mai taushi, mai nauyi da kauri. Kowane gida da rawar da ta dace da shi. Matsalar ita ce manyan rawa su ne masu kuɗi da suna, kuma shugaban gidan wasa da ke neman cike gurbi a bana bai damu da yadda muryarka za ta kasance nan da shekara goma ba. Ɗan shekara ashirin da bakwai a yi masa tayin rawa a wasan Wagner, Bajamushen da ya tsara operoci masu nauyi, wa zai ce a'a? To, kwaɗayi mabuɗin wahala. Luciano Pavarotti ya fara fitowa a 1961 a garin Reggio Emilia, amma bai taɓa rawar Otello ta Verdi ba sai a 1991, bayan shekara talatin, kuma ko a lokacin a tsaye ya rera ta a taron kiɗa, ba a cikakken wasa ba. Maria Callas kuwa a 1949 a Banis ta rera rawar Wagner mai nauyi da wata ta Bellini mai laushi da sauri a cikin kwanaki kaɗan, duniya ta yi ta mamaki. A 1965, tana da shekara 41, ta yi wasan opera na ƙarshe a Landan. Har yau ana gardama kan abin da ya karya muryarta, kuma ba na cikin masu cewa dalili ɗaya ne. Amma matashin da ba Callas ba, bai kamata ya gwada abin da Callas ta yi ba. Ka sami mutum biyu da ba su da riba a kwangilarka, malaminka da mai horas da kai a fiyano, ka tambaye su kafin ka sa hannu. Muryoyi masu nauyi sau da yawa sai an doshi shekara arba'in suke cika.

Sai raina ƙananan gidaje. Kowa idonsa na kan La Scala ta Milan da Biyana da Landan, alhali gurasar sana'ar tana Jamus, inda ake da gidajen opera kusan tamanin, da yawansu a garuruwan da ba ka taɓa jin sunansu ba. A can ana ɗaukar mawaƙi aiki na dindindin: albashi duk wata, inshorar lafiya, hutun bazara da biya. Albashin farko ba ya sa mutum ya yi ƙiba, kuma za ka iya rera rawa uku daban-daban cikin mako guda, amma nan ake koyon aiki. Montserrat Caballé ta yi shekaru a Basel da Bremen tana tara rawa iri-iri babu wanda ya san ta. Ranar da Marilyn Horne ta janye daga wani taro a Carnegie Hall a 1965, aka kira Caballé ta maye gurbi, washegari ta wayi gari tauraruwa. Pretty Yende ta Afirka ta Kudu ma ta hanyar maye gurbi ta fara fitowa a Metropolitan a Janairun 2013, bayan ta lashe gasar Operalia a 2011. Sa'a tana zuwa, amma wanda ya riga ya haddace rawar take samu.

Wanda zai faro daga Najeriya, makarantar MUSON da ke Legas tana koyar da irin wannan waƙa, sai dai cikar horon da kasuwar duk suna waje. Francesca Chiejina, haifaffiyar Legas, ta bi ta shirin matasan mawaƙa na Royal Opera House a Landan daga 2016 zuwa 2018. Irin waɗannan shirye-shirye da gasanni suna da iyakar shekaru, galibi talatin da 'yan kai, don haka jinkirin nema shi ma kuskure ne.

Harshe kuma mutane na yi masa riƙon sakainar kashi. Haddace sautin Italiyanci ko Jamusanci ko Faransanci kamar aku ba ya wadatarwa. Ka fassara kowace kalma da kanka, taka da ta abokin wasanka, don ka san abin da ake gaya maka a dandamali. Kuma ka zo ranar farko ta gwaji da rawarka a ka. Mai zuwa da takarda a hannu ba a yi masa faɗa, sai dai ba a sake kiransa.

Yanzu maganar kuɗi, wadda makarantu ba sa son yi. Mawaƙi mai zaman kansa ana biyansa ne kan kowane dare da ya fito. A gidaje da yawa makonni huɗu zuwa shida na gwaji ba su da wani kuɗin kirki, ko ma babu sam. Hayar ɗaki a garin da ba naka ba daga aljihunka, wakilinka ya cire kashi goma ko fiye, ƙasar da ka yi wasan ta cire haraji tun kafin kuɗin ya iso. In mura ta kama ka ranar wasa ka janye, kuɗin wannan dare ya tafi, hayar kuwa ka riga ka biya. Da Metropolitan ta rufe a Maris na 2020, ba ta koma wasa ba sai Satumban 2021, kuma masu zaman kansu da ba su da ajiya sun ji jiki. Kada ka kalli adadin da ke kan kwangila. Ka lissafa abin da zai rage, ka ware na wata uku zuwa shida kafin ka sayi komai na ado.

Wannan tsarin biya shi ke haifar da kuskure na gaba: rera waƙa da ciwo. Igiyoyin murya 'yan tsokoki ne biyu da tsawonsu bai wuce santimita biyu da ɗan abu ba. In sun kumbura ka matsa musu, jijiya na iya fashewa. Jonas Kaufmann ya yi watanni bai rera ba a 2016 saboda taruwar jini a igiyar murya, Natalie Dessay da Rolando Villazón kuma sai da aka yi musu tiyata. In manya sun faɗa, kai wane ne? Ka san likitan maƙogwaro tun kana lafiya. A lokacin gwaji ka koyi rerawa da rabin murya, ba wanda zai zarge ka. Abin da ya fi yi wa mawaƙa illa ma ba a dandamali yake faruwa ba. An tashi wasa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yunwa ta ci ka, ka zauna a gidan abinci mai hayaniya kana ɗaga murya kana hira, ka cika ciki da maiƙo da yaji, ka je ka kwanta. Cikin dare ruwan tsamin ciki ya hau maƙogwaro, da safe ka buɗe baki ka ji kamar an zuba yashi. Busasshiyar iskar jirgi da ta ɗakin otal kuwa, duk wanda ya san abin da hunturu ke yi wa maƙogwaro ya san ta. Ruwa, turiri, barci, da yin shiru.

Akwai kuma zuciya. Masu kallo na can saman bene a La Scala sun shahara da yi wa mawaƙi ihu in bai gamsar da su ba, kuma ba su bar kowa ba. Abin yi shi ne ka haɗiye, ka ƙarasa wasanka, ka yi fushinka a ɗakin sauya kaya. A Disamban 2006 sun yi wa Roberto Alagna ihu bayan waƙarsa ta farko a wasan Aida, ya juya ya fice daga dandamali ana tsakiyar kiɗa. Antonello Palombi, wanda aka ajiye don ko-ta-kwana, ya shigo da wandon jins da baƙar riga ya ɗora daga inda aka tsaya, makaɗa ba su ko dakata ba. Hukumar gidan ta sanar cewa Alagna ba zai dawo sauran dararen wasan ba.