Yadda Ake Zama da Hoton Mafarki Har Ya Yi Magana

Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya fara gwada wannan hanya, ta yin hira a zuci da hoton mafarki, a kan kansa a 1913, bayan sun raba gari da abokin aikinsa Sigmund Freud. Abin da ya gani a zuci ya rubuta, ya kuma zana, a wani babban littafi mai jan bango da ba a buga ba sai 2009, shekara 48 bayan rasuwarsa.

Mu nan Katsina, da an yi mafarki sai a garzaya neman fassara. A wannan hanya fassara tana zuwa daga ƙarshe, in ma ta zo.

Fara da samun lokacin da gida ya yi tsit. Bayan sallar Asuba ya fi, kafin yara su tashi. Kashe waya, ajiye takarda da biro da kalar 'yan makaranta kusa.

Zaɓi hoto guda ɗaya daga mafarkin da ya tsaya maka a rai, misali tsohuwar rijiya ko zauren da babu kowa. Rufe ido ka zuba masa ido na zuci. Nan ne wahalar take, domin hankali zai so ya shirya labari da kansa kamar mai tatsuniya. Hana shi. Jira kawai har wani abu ya motsa ba da umarninka ba. In tsoho ya fito daga zauren, gaishe shi yadda ka saba: "Sannu Baba, me ke tafe da kai?" Saurari amsa, kai ma ka mayar da taka tsakani da Allah. In ba ka yarda da maganarsa ba, gaya masa. Wanda ya zauna kallo kurum bai yi aikin ba.

Daga nan rubuta hirar, ka zana abin da ka gani ko ka mulmula shi da yumɓu. Kyan zane ba ruwanka da shi.

Kada ka jawo hoton rayayyen mutum, kamar kishiya ko maigidanka. Kuma abin da ya fito ba aljani ba ne, ba wahayi ba ne, daga ranka yake, don haka auna shi da hankali da addini kafin ka aikata komai.

Mai jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko wanda ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga abin yana dawo masa, kada ya gwada shi kaɗai. Ya fara ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ne.